Kuɗin Gwamnati da Karatun 'Ya'yan Talakawa Kafin Firamare: Nazarin Abin da Ya Faru a Wasu Ƙauyukan Mississippi

Wannan nazari ya bi sawun wasu ƙauyuka na baƙaƙen fata a karkarar jihar Mississippi da ke kudancin Amurka, tun daga 1965, lokacin da kuɗin gwamnatin tarayya suka fara isa gare su domin karatun ƙananan yara, zuwa inda lamarin ya tsaya a yau. Ba a kama sunan ko ɗaya daga cikin ƙauyukan ba, saboda abin da ya same su tare ya same su, a ranaku ɗaya, kuma daga ofis ɗaya. Matsalar da ake bi guda ce: yara 'yan shekara uku zuwa biyar, 'ya'yan talakawa tilis, waɗanda ba su da inda za su je kafin firamare, da tallafin da aka ba su, aka yanke, aka mayar, aka sake yankewa.

Halin da ake ciki kafin 1965

A farkon shekarun 1960 Mississippi ce jihar da ta fi kowace talauci a Amurka, kuma talaucin ya fi yin katutu a yankin da ake kira Delta, wata shimfiɗaɗɗiyar fadamar auduga da ke gefen kogin Mississippi. Gonakin na fararen fata ne, ƙwadagon kuma na baƙaƙe. Mai cire ciyawa a gonar auduga yana samun kimanin dala 3 a yini, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, aikin ma na 'yan watanni ne a shekara, kuma yana ta ja da baya saboda injin tsinkar auduga da maganin kashe ciyawa sun fara maye gurbin hannu. Iyalai da yawa suna zaune a gidajen katako cikin gonar maigidansu, babu ruwan famfo, babu banɗaki a ciki, kuma zamansu a gidan ya rataya ne a kan yardar mai gonar. Uwa kan hau motar 'yan ƙwadago tun da asuba, ko ta tafi aikatau cikin gari, ta bar ɗan shekara huɗu a hannun kaka, ko a hannun yayarsa wadda ita ma renon take bukata.

Dokar jihar ba ta tanadi ajin share fagen shiga firamare a makarantun gwamnati ba. A 1956 ma majalisar jihar ta soke dokar tilasta sa yara a makaranta, shekara biyu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, domin kada a tilasta wa ɗan fari zama aji ɗaya da ɗan baƙi. Abin da ƙananan hukumomi ke kashewa a kan ɗalibi fari ya ninka na baƙi sau da yawa. Yawan jarirai baƙaƙe da ke mutuwa kafin su cika shekara ya kai ninki biyu na fararen. Yara da dama ungozoma ce ta karɓi haihuwarsu a gida, kuma har suka isa shiga firamare likita bai taɓa duba su ba.

Iyayen ba su da ta cewa a kan wannan duka. A 1964 ƙasa da kashi 7 cikin 100 na baƙaƙen jihar da suka isa jefa ƙuri'a ne ke da rajista, don haka hukumar ilimi da ofishin lafiya da ofishin jin ƙai na kowace ƙaramar hukuma duk a hannun fararen fata suke.

Janairu 1964 zuwa Mayu 1965: hanyar da kuɗin suka bi

A ranar 8 ga Janairu 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da abin da ya kira yaƙi da talauci, kuma a watan Agusta ya sa hannu a dokar da ta kafa Ofishin Samar da Damar Tattalin Arziki, wato OEO, ƙarƙashin jagorancin Sargent Shriver. Dokar ta ƙunshi wani sharaɗi da daga baya ya zama tushen rigima: dole ne a sa talakawan da shiri ya shafa cikin tafiyar da shi iyakar gwargwadon yiwuwa. Wani kwamiti da likitan yara Robert Cooke ya shugabanta ya tsara shirin Head Start, wanda ya haɗa karatu da abinci da duba lafiya da shigar da iyaye. Johnson ya sanar da shi a ranar 18 ga Mayu 1965, a matsayin shirin makonni takwas na hutun bazara. A wannan bazarar yara kimanin 560,000 suka shiga a faɗin ƙasar, a kan kuɗi dala miliyan 96. Tarayya ce ke biyan kashi 90 cikin 100, sauran kuma al'umma ta kawo, ko da ta hanyar ba da ɗaki ko aikin sa-kai.

A Mississippi akwai shinge. Doka ta ba gwamna damar hawa kujerar na-ƙi a kan duk tallafin da zai shigo jiharsa, kuma gwamnan lokacin, Paul Johnson, ɗan a-mutun wariyar launin fata ne. Sai dai dokar ta keɓe manyan makarantu: tallafin da aka ba kwaleji ko jami'a gwamna ba shi da ikon tare shi. Ta wannan kafa aka bi. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga New York mai suna Tom Levin, da Polly Greenberg wadda ma'aikaciyar OEO ce, da Art Thomas na wata ƙungiyar coci-coci da ke aiki a Delta, suka haɗu da masu fafutukar 'yanci na cikin jihar suka kafa Ƙungiyar Raya Yara ta Mississippi, wadda aka fi sani da CDGM. Kwalejin Mary Holmes, wata ƙaramar kwalejin baƙaƙen fata ta cocin Presbyterian a garin West Point, ta yarda a ba da tallafin da sunanta. Kuɗin da aka amince da su sun kusa dala miliyan ɗaya da rabi, kuma sun tashi daga Washington zuwa ƙauye ba tare da sun ratsa ofishin gwamna ko na hukumar ilimi ba.

Bazarar 1965: buɗe cibiyoyi

An buɗe cibiyoyi 84, suka karɓi yara kimanin 6,000. Hukumomin ilimi ba su ba da aron azuzuwansu ba, don haka yawancin cibiyoyin a cikin ƙananan coci-coci na katako aka yi su, wasu kuma a gidajen da aka daɗe da bari. Tun kafin sisin gwamnati ya iso iyaye suka fara aiki: maza suka gyara rufi, suka haƙa masai, suka ƙera benci da tebur daidai tsawon yaro, suka rataya tsofaffin tayoyin mota a reshen bishiya domin lilo, mata kuma suka bi gida gida suna rubuta sunayen yara.

Tsarin da aka bi shi ne kowace cibiya ta zaɓi kwamitinta a taron jama'a, kuma kwamitin ne ke ɗaukar ma'aikata. Mutum kimanin 1,100 aka ɗauka, mafi yawansu matan ƙauyukan ne da ba su gama sakandare ba, waɗanda a da suke cire ciyawa ko aikatau. Mai koyarwa tana karɓar dala 50 zuwa 60 a mako, alhali mako guda cur a gona bai kai dala 20 ba. Albashin kuma bai fito daga aljihun wani mai gona ko wani jami'in ƙaramar hukuma ba, saboda haka matar da ta je yin rajistar zaɓe ba ta fargabar a kore ta daga aiki washegari. An haɗa waɗannan mata da 'yan ƙalilan masu horo da ke zagayawa suna nuna musu dabarun koyarwa.

A cikin aji, yaro yana samun dafaffen abinci da madara. Ana duba lafiyarsa, a yi masa rigakafi, kuma binciken ya riƙa bankaɗo ƙarancin jini da tsutsar ciki da ruɓaɓɓun haƙora da matsalar ido da ta kunne da ba wanda ya san da su. Littattafan da ke kasuwa duk hotunan yaran birni fararen fata ne, don haka malamai suka ɗauki wata dabara: su zaunar da yaro ya ba da labarin kifin da ya gani a tafki ko alfadarin kakansa, su rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, a buga, a ɗinke, ya zama littafin karatun ajin. Ana rera waƙoƙin coci da na fafutukar 'yanci, waɗanda su ne yaran suka saba ji a gida.

Martani bai jima ba. An ƙona gicciye a gaban wasu cibiyoyi, alamar barazanar 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsattsauran ra'ayin wariya, an yi harbi a kan wasu, an cinna wa wasu wuta. Masu gonaki sun gargaɗi iyalai cewa duk wanda ya kai ɗansa ya nemi wani gidan. 'Yan kasuwa da dama sun ƙi sayar wa cibiyoyin kaya, wasu kuma sun sayar amma sun ƙi ba da rasit.

A Washington, Sanata John Stennis na Mississippi ya ɗauki batun. Yana cikin kwamitin kasafin kuɗi na Majalisar Dattawa, wanda OEO ke jiran amincewarsa, kuma fadar shugaban ƙasa tana bukatar goyon bayansa a kan kuɗin yaƙin Vietnam. Ya tura masu bincike, ya yi zargin cewa an yi amfani da kuɗin yara wajen belin waɗanda aka kama a zanga-zangar watan Yuni a Jackson, babban birnin jihar, kuma ya nuna cewa hedkwatar CDGM tana Mount Beulah, harabar da masu fafutuka ke taruwa. Masu binciken sun tarar da littattafan kuɗi a hargitse. Binciken ƙwararru na baya ya nuna cewa kuɗin da aka kasa ba da bayaninsu ɗan ƙaramin kaso ne na tallafin, amma hargitsin gaskiya ne. A watan Agusta OEO ta umarci a kwashe hedkwatar, ma'aikata suka ƙi, aka janye umarnin, sannan aka sauke Levin daga shugabanci.

Satumba 1965 zuwa Fabrairu 1966: yankewa ta farko

Tallafin bazara ya ƙare. An sanar cewa Head Start zai koma shirin shekara, CDGM ta miƙa takardar neman sabon tallafi, sai OEO ta yi ta jan ƙafa wata bayan wata tana ƙara sharuɗɗa. An mayar da hedkwata Jackson, an naɗa sabon shugaba, wani matashi mai suna John Mudd, aka kuma shiga gyaran sashen kuɗi.

A ƙauyuka, gommai daga cikin cibiyoyin ba su rufe ba. Malamai suka ci gaba da zuwa babu albashi har tsawon lokacin sanyi. Wannan ta kawo ganye daga lambunta, wancan ya kawo itacen hura murhu, mai tsohuwar mota ya riƙa kwaso yara da man aljihunsa. Mutanen da ke hannu baka hannu ƙwarya ne suka ɗauki nauyin da dala miliyan ɗaya da rabi ta ɗauka a baya, kuma abin da ya fara faɗuwa shi ne duba lafiya da madara, domin waɗannan sai da kuɗi.

A watan Fabrairu 1966 aka ɗauki yara 48 da malamansu a mota zuwa Washington. Suka shiga ɗakin zaman kwamitin ilimi da ƙwadago na Majalisar Wakilai, suka baje takardu da fensiran launi a ƙasa, suka yi darasinsu a gaban 'yan majalisa da 'yan jarida. Kafin watan ya ƙare aka amince da dala miliyan 5.6, na wata shida.

1966: faɗaɗawa, sannan yankewa ta biyu

Da wannan kuɗi cibiyoyi suka kai 121 a ƙananan hukumomi 28. An yi lissafin tallafin ne a kan yara kimanin 9,000, amma kwamitoci suka ƙi mayar da yaran da suka zo, suka matse kasafin har ya ɗauki kimanin 12,000. An fara tura malamai kwasa-kwasan horo. Wa'adin kuwa wata shida ne, don haka tun kafin a daidaita aiki aka koma rubuta takardar neman na gaba.

A watan Yuni aka yi dogon tattakin da ɗan fafutukar 'yancin baƙaƙe James Meredith ya fara daga Memphis zuwa Jackson, inda a garin Greenwood aka fara ɗaga taken ƙarfin baƙar fata. Stennis da abokin aikinsa Sanata James Eastland suka sake taso da zargi, cewa motoci da abinci da ma'aikatan CDGM sun shiga hidimar tattakin. A wannan karon gwamnatin tarayya ta nemi wanda zai maye gurbin ƙungiyar. A watan Satumba aka kafa wata sabuwa mai suna Ƙungiyar Aikin Ci Gaban Mississippi, wato MAP, wadda jagororinta suka haɗa da Owen Cooper, shugaban wani kamfanin takin zamani, da Hodding Carter na uku, ɗan jarida a Greenville, da Aaron Henry, shugaban reshen jihar na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Haɗaka ce ta fararen fata masu sassaucin ra'ayi da baƙaƙe masu ilimi da sana'a, kuma naɗa hukumar gudanarwarta aka yi daga sama. A farkon Oktoba OEO ta sanar cewa ba za ta sabunta tallafin CDGM ba, ta ba MAP dala miliyan 3.

Cibiyoyi suka sake komawa aikin sa-kai, amma yanzu suna da masu tsaya musu a waje. Wata gamayya da shugaban ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin motoci Walter Reuther ke jagoranta ta aika nata kwamitin bincike, wanda ya wanke CDGM daga manyan zarge-zargen. Limaman coci suka yi zanga-zanga a ƙofar OEO, aka sayi shafi guda a jaridar New York Times ana kiran Shriver da suna, Martin Luther King ya sa baki, Mataimakin Shugaban Ƙasa Hubert Humphrey ya shiga tsakani. A watan Disamba aka sasanta. CDGM ta samu sabon tallafi, bisa sharaɗin a ƙarfafa kula da kuɗi, cocin Presbyterian ya tsaya mata lamuni, a kuma shigar da fararen fata cikin hukumarta. Amma kimanin rabin ƙananan hukumomin da take aiki a cikinsu kawai aka bar mata. Ƙauyukan da wannan nazari ke bi suna cikin waɗanda aka miƙa wa MAP.

1967: shekarar da babu tallafi

Iyaye a waɗannan ƙauyuka suka tsinci kansu tsakanin zaɓi biyu. Ko su kai yaransu sababbin cibiyoyin MAP, inda akwai kuɗi amma ba su ne za su zaɓi malamai ba, ko su riƙe nasu babu ko kwabo. Da yawa suka zaɓi na biyu, suka kafa ƙungiyar Abokan Yaran Mississippi, wato FCM, suka ci gaba da ɗan taimakon da gidauniyar Field da coci-coci ke aikowa. A wasu wurare aka wayi gari cibiya mai kuɗi tana neman yara, cibiya mai yara tana neman kuɗi.

Shekarar ta zo da tsanani ta wasu fuskoki. Daga ranar 1 ga Fabrairu 1967 dokar mafi ƙarancin albashi ta shafi ma'aikatan manyan gonaki, dala 1 a awa, sai masu gonaki suka sallami ma'aikata suka ƙara injina. A daidai lokacin ƙananan hukumomi da yawa suka bar rabon kayan abinci kyauta suka koma tsarin tikitin abinci, wanda sai mutum ya biya wani abu kafin a ba shi, kuma iyalin da ba shi da kuɗin shiga ko kaɗan ba shi da abin biya. Ga yara da dama, abincin cibiya shi ne abincin yini.

A watan Afrilu wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama a Jackson. Marian Wright, lauyar da ke kare CDGM, kuma baƙar mace ta farko da aka ba lasisin aikin lauya a jihar, ta shaida musu cewa mutane na fama da yunwa, ta kuma raka Sanata Robert Kennedy da Sanata Joseph Clark cikin gidajen Delta suka gani da idonsu. A watan Mayu gidauniyar Field ta tura likitoci shida, cikinsu har da Robert Coles da Raymond Wheeler, suka duba yara a cibiyoyin FCM a ƙananan hukumomi shida. Sun ba da rahoton tamowa da ƙarancin jini da gyambon da ba ya warkewa da cututtukan da aka bari ba magani, kuma a watan Yuli suka maimaita wannan a gaban majalisa. Stennis ya musanta cewa ana yunwa a jiharsa, amma shi da kansa ya gabatar da ƙudurin dala miliyan 10 na agajin abinci da magani na gaggawa.

A ƙarshen shekarar majalisa ta yi wa dokar yaƙi da talauci kwaskwarima, ta ba hukumomin gari da na ƙananan hukumomi iko a kan ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi. Zuwa 1968 CDGM ta daina aiki da sunanta, aka rarraba cibiyoyinta ga wasu masu riƙo. FCM da MAP kuma suka cimma matsaya: FCM ta riƙa tafiyar da cibiyoyinta da kuɗin tarayya da ke biyowa ta hannun MAP, kuma bayan shekaru ta fara karɓar tallafinta kai tsaye.

1969 zuwa 2013: abin da aka rubuta a ƙa'ida

A 1969 wani rahoto da kamfanin Westinghouse da Jami'ar Ohio suka fitar ya ce shirye-shiryen bazara na 'yan makonni ba su bar wani tasiri mai ɗorewa a sakamakon jarrabawar yara ba. An soki hanyar binciken, amma ya ƙara tura gwamnati ga shirin shekara cikakkiya. A shekarar aka ɗauke Head Start daga OEO aka mayar da shi ma'aikatar lafiya da ilimi da jin ƙai. A 1970 aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowane mai karɓar tallafi kafa majalisar tsare-tsare wadda aƙalla rabin mambobinta iyayen yara ne, masu hannu a kasafi da ɗaukar ma'aikata. A 1975 aka kafa ma'aunan aiki na ƙasa baki ɗaya a kan karatu da lafiya da abinci.

Jihar kanta ta daɗe ba ta motsa ba. Sai a 1982, zamanin Gwamna William Winter, aka yi dokar da ta dawo da tilasta karatu ta kuma kafa ajin share fage a makarantun gwamnati, wanda ya game jihar a 1986. Kuɗin jiha domin 'yan shekara huɗu kuwa sai a 2013, inda aka fara da dala miliyan 3, bisa tsarin da ya haɗa makarantun gwamnati da cibiyoyin Head Start da masu zaman kansu a gamayya ɗaya. A watan Oktoba na wannan shekarar, da rikicin kasafi ya tsayar da ayyukan gwamnatin tarayya, cibiyoyin Head Start a jihohi shida, har da Mississippi, sun rufe ko sun kusa rufewa, sai da wasu attajirai biyu, John da Laura Arnold, suka ba da dala miliyan 10 na cike gurbi.

Abin da aka auna daga baya

Jens Ludwig da Douglas Miller sun yi amfani da wani abu da ya faru a 1965: OEO ta tura ma'aikata su taimaka wa ƙananan hukumomi 300 mafiya talauci a ƙasar wajen rubuta takardar neman tallafi, kuma da yawansu a kudu suke. A binciken da suka wallafa a 2007, sun kwatanta waɗannan da waɗanda suka ɗara su kaɗan a arziki, suka ga mutuwar yara 'yan shekara 5 zuwa 9 daga cututtukan da shirin ke iya tarewa ta ragu da kashi 33 zuwa 50 cikin 100. Wani babban gwaji na gwamnati da ya fara a 2002 da yara kusan 5,000 ya nuna cewa fifikon da yaran Head Start ke da shi a haruffa da kalmomi ya dushe kafin ƙarshen aji uku na firamare. Martha Bailey da abokan aikinta kuma, a 2021, sun bi waɗanda suka shiga shirin a shekarunsa na farko har girmansu, suka ga sun ƙara kimanin kashi biyu cikin uku na shekara a tsawon karatu, kuma sun fi takwarorinsu kammala sakandare da jami'a da dogaro da kai.

Hukunci

A ganina abin da ya yi aiki a ƙauyukan nan abu biyu ne, kuma ba sa rabuwa. Na farko shi ne haɗa abinci da magani da karatu a ɗaki ɗaya. Yaron da tsutsa ta cinye jininsa ba ya koyon harafi, kuma alƙaluman da suka fi ƙarfi a duk binciken da aka yi na rai da lafiya ne. Wanda ya auna shirin da jarrabawar aji uku kawai ya auna ƙaramin ɓangarensa, musamman idan aka tuna irin firamaren da yaran suka shiga bayan sun bar cibiya. Na biyu shi ne kuɗin sun sauka a hannun iyaye, a matsayin albashi da kuma iko. Wannan ne ya sa cibiyoyi suka rayu wata biyar babu tallafi a karon farko, suka kuma rayu fiye da shekara a karo na biyu, domin mutum ba ya barin abin da ya gina da hannunsa ya kuma zaɓi mai kula da shi. Da hukumar ilimi ta jihar aka ba kuɗin a 1965, babu alamar da ke nuna za su isa waɗannan yara.

Abin da ya gaza shi ne yadda aka tsara tallafin. Kuɗin makonni takwas, sannan na wata shida, wanda sabunta shi ke hannun ofishin da shi kansa yake tsoron sanata guda, ba ya barin a horar da malama ko a bi lafiyar yaro har a ga ƙarshenta. Duk lokacin da wa'adi ya cika, abokan hamayya sun sami sabuwar damar yi wa shirin ƙafar ungulu, kuma talakawan da aka ce za a taimaka su ne suka riƙa cike gibin da abincin bakinsu. Ita ma CDGM tana da nata laifin. Ta karɓi kuɗi masu yawa cikin gaggawa ba tare da ta fara kafa sashen kuɗi mai ƙarfi ba, alhali ta san idon maƙiya na kanta. Dalilin Stennis siyasa ce, amma sandar da ya yi duka da ita a ofishin ƙungiyar ya tsince ta, kuma OEO da ta ba da kuɗin ba ta turo akantoci tare da su ba.

Game da MAP, ina ganin waɗanda suka kira ta cin amana sun faɗi rabin gaskiya. An kafa ta ne domin a raba talakawa da iko, kuma an yi hakan. Amma ta iya riƙe littattafan kuɗi, ta kuma sami kariyar da CDGM ba ta taɓa samu ba. Abin da ya daidaita lamarin shi ne ƙa'idar 1970, wadda ta ɗauki tsarin kwamitin iyaye da aka kori CDGM a kansa ta ɗora shi a wuyan kowa, har da MAP. MAP da FCM duka suna nan har yau suna tafiyar da cibiyoyin Head Start a jihar, kowace da majalisar iyayenta, kuma kuɗinsu har yanzu daga kasafin da majalisar tarayya ke amincewa da shi shekara shekara suke fitowa, kimanin dala biliyan 12 ga ƙasar baki ɗaya a 2024, adadin da bai kai ga ɗaukar duk yaran da suka cancanta ba.